Hannun Mai Taswira

Ranar da sabon ma'aikacin ya fara aiki a ofishin haɗa manhaja ya tarar da mutum biyar a tsaye gaban allo mai ƙananan takardu masu launi. Ya jawo kujera ya zauna.

"Malam, tashi," in ji Manaja ba tare da ta dube shi ba. "A tsaye muke taron safe, don kada wani ya cika mu da surutu."

Ya miƙe yana dariya. Ta ɗago kai, sai ta manta abin da za ta faɗa.

Manhajar da suke haɗawa ta mahaifinta ce. Baba yana da manyan motoci talatin, ya gaji da jin "muna hanya" daga bakin direbobi, yana so ya buɗe waya ya ga inda kowace mota take. Wata uku ya ba ta. In aikin bai tashi ba, za a rufe ofishin, kowa ya kama gabansa.

Dokarta ɗaya ce: kowane sashe na aiki sai mutum biyu sun san shi ciki da waje. Amma sashen taswira ta bar wa sabon ma'aikacin shi kaɗai. In ta haɗa shi da wani, da wane dalili za ta riƙa zama gefen teburinsa? Abokan aiki suka laƙaba masa Mai Taswira.

Ya turo mata saƙo: "Manajata, yau sau huɗu kika duba aikina. Kuskure kike nema ko ni?"

Ta mayar masa: "Kuskure. Ban samu ba. Gobe zan sake dubawa."

Saura sati biyu Baba ya shigo da sabon tunani, a saka kyamara a kowace mota.

"Baba, ba a wannan zagayen aikin ba," in ji Mai Taswira. "In muka ƙara, ba ɗaya da zai tashi."

Baba ya daki tebur har kofin shayi ya faɗi ya tarwatse, ya juya ga 'yarsa. "Wannan mara kunyar kike so? Ba dai a gidana ba!"

Akwai wanda ya fi Baba jin zafinsa. Shugaban direbobi ya shekara biyu yana neman aurenta, kuma ya san taswirar za ta nuna inda yake karkatar da motoci yana dakon kayan wasu.

Bayan kwana goma, da safe, Manaja da Mai Taswira suna gareji suna maƙala na'urar bin sawu a motar ƙarshe, direban ya zo ta baya da ƙarfen kwance taya. Dukan farko ya sauka a kafaɗa. Mai Taswira ya faɗi, ya dafa ƙasa da hannun dama. Direban ya taka hannun, ya sauke ƙarfen a kai. Ta ji ƙarar ƙashi.

"Da wannan kake latsawa, ko?"

Ita da ko a taro muryarta ba ta tashi, ta sungumi tukunyar kashe wuta ta maka masa a haƙarƙari. Ya juyo ya mare ta, leɓenta ya fashe. Ta sake ɗagawa. Sai da makanikai uku suka riƙe shi.

Yatsu uku sun karye. Saura kwana huɗu. Direban kuwa ya riga ta zuwa wurin Baba, ya ce yaron ne ya fara zaginsa, Baba ya yarda.

Ta tsaya gaban allo da kumburarren baki. "Ba wanda ya san taswirar sai shi. Laifina ne, ni na karya dokar."

"Ai mun san dalili, Manaja," in ji mai gwajin manhaja. "Ɗauki kwamfutar ki tafi asibiti, za mu riƙe sauran."

Kwana uku yana faɗa tana rubutawa.

"Goge layin nan, masoyiyata. Kin rubuta shi sau biyu."

"Hannuna ke rawa."

"Naki ma? To saura na wa?"

Ta yi dariya, leɓen ya sake tsagewa.

A rana ta huɗu ta ajiye waya gaban Baba. Ɗigo talatin suka bayyana a kan taswirar, kowace mota da nata. Ya sa tabarau, ya bi su da yatsa, ya tsaya a kan guda shida da ke wani sito da bai taɓa aika mota ba. Ya kira shugaban direbobi.

"Kuna ina?"

"Muna hanya, ranka ya daɗe."

Baba ya kashe wayar, ya kira 'yan sanda. Ya daɗe yana kallon bakin 'yarsa.

"Wane asibiti ne?"

A bakin gado ya tsaya, ya rasa inda zai sa idonsa. "Yaro, na zalunce ka. Ka turo manyanka." Ya yi gyaran murya. "Kyamarar fa?"

"Zagaye na gaba, Baba."

"Ka ji shi ko!"

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da hannun hagu ango ya gaisa da jama'a. Baba ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya kare ku daga mugun hannu."

Duka ofis suka amsa da amin.