Kan Sarkin Baba

"Auta, takarda ce fa! Takarda! A kanta za ki bar ni in tafi ni kaɗai?"

Auta ta jingina da motar saurayinta. Injiniya ba mai ɗaga murya ba ne, amma yau ranta ya gaya mata haƙurinsa ya kai maƙura. An mayar da shi aiki can wata uwa duniya, kuma tun kafin rasuwar Baba aka yi alkawarin da ita zai tafi a matsayin matarsa.

Da aka zo rabon gado, babu wanda ya ko kalli kundayen kan sarkin wasiƙun da Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tarawa. Yaya ya ce a kai shara, matarsa ta ce ko a ba yara su yi wasa. Aka jibga wa Auta, dama duk abin da aka raina ita ake miƙa wa.

Sai ga shi kundayen nan su ne suka riƙe Mama. Tun da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, ba ta cin abinci sai an zauna gefenta an buɗe kundi, an ɗauko kan sarki da hantsaki, an faɗi ƙasarsa a hankali yadda Baba ke yi.

"Masoyiyata, ki kai ta gidan Yaya da kundayen gaba ɗaya," in ji Injiniya, murya ta yi sanyi.

"Mun gwada..."

"To?"

"Yaya da yatsa ya ɗauki kan sarkin. Ihu ta dinga yi, wai ɓarawo ya shigo ɗakin mijinta. Ko ruwa ta ƙi sha sai da na je."

"Mu tafi da ita mana!"

"Likita ya ce in ta bar ɗakin nan, ɗan abin da ya rage mata ma zai tafi."

Ya dafe kansa. "Sai yaushe kenan?"

Hawaye ya zubo mata. Amsar ɗaya ce, su biyun sun san ta, kuma babu ɗan halak ɗin da zai iya furta ta game da mahaifiyarsa.

"Ina sonka, wallahi ina sonka," ta ce. "Amma kada ka jira ni. Ba na so ka wayi gari kana jiran abin da ni nake roƙon Allah ya jinkirta."

Ya daɗe yana kallonta, idanunsa jajur. Sannan ya shiga mota. Ba ta tsaya ganin fitarsa daga layin ba, ta juya ta shige gida.

A ɗaki ta tarar da Mama zaune, abinci ya huce a gabanta. Auta ta goge fuska, ta jawo kundi, ta ɗauko wani mai hoton tsuntsu. Ta faɗi ƙasarsa a hankali.

Mama ta kai loma ɗaya, ta yi murmushi, ta dafa gwiwarta.

"Malam," ta ce, don haka take kiran Baba, "yaushe za mu aurar da Auta ne? Yaron nan mai hankali ne, kada mu bari ya gaji."

Auta ta matso mata da abincin.

"Kwanan nan," ta ce. "Ci abincinki."