Rigunan da Ba Su Taɓa Shan Ruwa Ba

Auta ta dire bargon a kan teburin yanka, har almakashi ya faɗi ƙasa.

"Dogo, kalli abin da ka ja min."

Dogo, direban da ke kawo wa shagon kaya, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota. Bargon ya tattare wuri-wuri kamar fuskar jaririn da zai yi kuka. Sana'ar Auta ke nan, ta yanka tsofaffin rigunan maza ta haɗa ƙyallayen su zama bargo, kuma tun da ta fara ba a taɓa dawo mata da aiki ba sai yau.

"Wanki ɗaya matar da ta saya ta yi masa," ta ce. "Tsohon yadi ya gama tsukewarsa tuntuni, sabo ne ke tsukewa in ya sha ruwa. Duk inda ya tattare, rigunan da ka kawo min ne. Ba ka ce na yayanka ba ne da ya yi ƙiba?"

"Eh... ya ɗan yi ƙibar ai..."

"Dogo."

Ya sunkuyar da kai. "Sababbi ne. Saya nake yi, in cukuikuye su, in cire maɓalli ɗaya."

Takaici ya cika ta har wuya, rabi nasa, rabi na kanta. Ita da ke gane yadi ido a rufe, amma duk ranar da ya shigo da leda ba yadin take kallo ba. Wata da watanni tana jiran kalma ɗaya daga bakin wannan bawan Allah, shi kuwa sai riga. Ga shi yayarta ta buɗe babban shago a wani gari, ta ce ta taho ƙarshen wata, kuma Auta ta riga ta yanke wa ranta cewa in bai yi magana ba tafiya za ta yi.

"To don me? Kuɗi ne suka yi maka yawa?"

"In ban kawo riga ba, da wane dalili zan shigo?"

"Da bakinka mana. Ado aka yi maka shi?"

Ya ci gaba da murza makullin motar. Ta ji kamar ta maka masa dutsen guga. Sai ta jawo kujera, ta danƙa masa reza.

"Zauna. Duk ƙyallen da ka san naka ne, warware shi. Ƙarshen wata zan koma wurin Yaya, ba zan bar ɓataccen aiki da sunana ba."

Hannunsa ya tsaya cak. "Tafiya... gaba ɗaya?"

"Me zai zaunar da ni?"

Ta koma kan keke tana takawa da ƙarfi, alhali babu ko zare a allurar. Shi kuma ya duƙufa yana tsinke ɗinki da manyan yatsunsa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Can ta ji murya ƙasa-ƙasa.

"Ni dai... ina son ki, Auta. Tun ranar da na fara sauke buhu a shagon nan. Kada ki tafi... in kin amince zan je in ga Baba."

Keken ya tsaya. Idonta ya kawo ruwa, haushi da daɗi suka cakuɗe mata.

"Da bargon kake magana ko da ni? Ɗago ka kalle ni."

Ya ɗago da ƙyar, ya maimaita, bai rage ko kalma ɗaya ba.

Ta goge ido da bayan hannu. "Ka wahalar da ni, masoyi. Wallahi ka wahalar da ni."

Ya yunƙura zai miƙe, ta nuna masa bargon da baki. Ya koma ya zauna. Ta ɗauko waya ta kira.

"Yaya, ki yi haƙuri... ki nemi wata mai ɗinkin. Ni ba zan samu zuwa ba."