Kofin Gindin Tsamiya

Duk Gummi an san Makau da magana guda: shi bai taɓa kai abin zaƙin mata bakinsa ba. Namiji fura ce tasa, mai tsami kuwa. Da ɗansa Usama ya dawo daga haƙar zinari a Dareta da bilenda, injin nan na markaɗe, Makau ko kallonta bai yi ba. Haka dai yake faɗa a majalisa.

Kullum da la'asar sakaliya 'yarsa Lubabatu kan tayar da ƙaramin janareta, ta yanyanka mangwaro da ayaba, ta zuba kindirmo da ƙanƙara, ta markaɗa. Inna, mahaifiyar Makau, ita ke ɗibar kofin farko ta kai gindin tsamiyar bayan ɗaki, inda tun zamanin uwarta ake ajiye ludayin fura. Ba a tambayar na wane ne. Makau kan raka kofin da ido, yana mitar shi mai sayen man janareta ba a taɓa fara miƙa masa ba, ko da yake ba sha zai yi ba.

Wata magariba gidan ya yi tsit, har kaji suka nutsu. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Sai wani. Bilenda ta tashi da kanta, janareta kuwa a kashe. Lubabatu ta saki wuƙa, ta zauna a ƙasa, idanunta suka kafe a kan tsamiya. Daga ranar ba ci, ba sha, kullum sai rama take yi.

Aka kira Malam Haris. Ya daɗe yana karatu a kunnenta, ya tofa, sannan ya tambayi mai riƙe da ita abin da take nema. Muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Ni ce ta tsamiya. Tun ana ba ni hura ba a taɓa cin rabona ba. Yanzu da an ka samu mai daɗi, ƙamshi nike ji, in taho in iske kofi wayam. Kowa na sha, ni ina kallo. Ba ni hita."

Malam ya yi wa Inna nasiha cewa ajiye wa aljani abinci ba addini ba ne. Inna ta rantse a cike take barin kofin. Makau ya ce aikin akuyoyi ne.

Aljana ta nemi a bar mata bilendar ɗungurungum, Malam ya ƙi. Suka daɗe ana ja kafin ta yarda da kofi guda ta bakin yarinyar, ta koma gulbi, ba dawowa.

Usama ya hau markaɗe. Makau ya leƙa, ya ce a ƙara ayaba a rage ƙanƙara, na Lubabatu ya fi wannan kauri da zaƙi.

Lubabatu ta shanye, ta yi atishawa, ta kira Inna da muryarta ta gaskiya. Gida ya ɗauki hamdala. Makau ya gyara hula, ya fara bayanin yadda aljanar ta razana da kallon da ya yi mata.

Inna tana shafa kan jikarta, ba ta ko ɗago ba.

"Makau, kai da ba ka taɓa sha ba, ina ka san na Lubabatu ya hi zaƙi?"