Gugan Inna a Wuyan Bututu

Ɗis!

A bayan wuyana ya sauka, da sanyi.

Na ɗaga kai a hankali, ina roƙon Allah ya sa kashin ƙadangare ne. Wallahi da na yi murna.

Ɗis!

Ruwa ne. Daga gindin bututun iskan da ya huda rufin kwano yake fitowa, ya bi katako, ya rabu gida uku yana sauka kan buhunan tattasan Baba.

"Inna! Innaaa!"

Ta shigo da ludayi a hannu. Na nuna mata rufin.

"Innalillahi..." ta ce. "Safara'u, yayyafin ɗazu ne fa kawai ya yi wannan. Kin ga abin da ke tasowa daga gabas kuwa?"

Na gani. Hadari ne baƙi ƙirin, ya haɗo ta wajen kogin Komadugu.

Ba tattasai kaɗai ne a ɗakin nan ba, aurena ma yana ciki.

Da rani Baba ya sayo busasshen tattasai daga gonakin bakin kogi, ya cika ɗakin ajiya har ƙofa. Babagana ne ya buga rufin, shi ya sa bututun don zafi ya riƙa fita kada tattasan ya yi gumi. Kafinta ne, daga tsallaken ruwa suka gudo shi da mahaifiyarsa, suka zauna Gagamari. Ranar da na fara kai masa ruwan sha, yaji ya shiga hancinsa, ya yi atishawa goma sha ɗaya a gabana. Ni kuwa na yi ta dariya har na ɓarar da ruwan. Daga nan zance ya fara.

Da ya ce yana sona, Baba ya ɗaure fuska.

"Mutumin da ban san ƙofar gidan ubansa ba, wa zan tambaya halinsa? Aikinsa zai yi masa shaida. Damina ta wuce tattasaina a bushe, ya turo manyansa. Ɗigo ɗaya ya taɓa shi, kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Baba kuwa, Alhaji Ɗalha, in ya faɗi magana ko shi kansa ba ya iya janye ta.

Muna tsaye sai ga Muhsinu ya leƙo. Ɗan ƙanin Baba ne, daga Damagaram aka kawo shi tsaron kanti, shi kuma ya ga har da ni aka ba shi tsaro. Sau uku ina ce masa a'a.

Ya dubi rufin, ya dube ni. Ko mamaki bai yi ba!

"Ayya... aikin ɗan gudun hijira ke nan."

"Yaya Muhsinu, don Allah taimaka mu janye buhunan."

"Buhu ɗari biyu? Haba ƙanwata. A bar komai yadda yake, Baba ya gani da idonsa. Bari ma in je kasuwa in taho da shi."

Ya fita yana ɗan murmushi. Allah ya gani, da akwai taɓarya kusa da na jefe shi.

Na ɗauko waya na kira Babagana.

"Masoyiyata, lafiya?"

"Yana yoyo..."

"Me?"

"Bututun! Gindin bututun yana yoyo, hadari ya taso, Muhsinu ya tafi kiran Baba!"

"Ba zai yiwu ba. Roba na sa masa, na ɗaure da waya, na bi da kwalta. Shekara biyar ba zai motsa ba."

"To ya motsa! Kana ina?"

"Geskeru, muna rufin wani aji. Babu mota yanzu, kin san hanyar nan da shingayen sojoji. Ko na taso ba zan riga ruwan ba."

Na dubi tsanin da ke jingine a bangon ɗaki.

"Ni zan hau."

"Ke?! A'a! Safara'u, kar ki kuskura!"

Ya san dalili. Kowa a gidanmu ya sani. Ina 'yar shekara goma sha biyu aka kai ni Tumur wajen kakata, masu bindiga suka shigo gari. Yini guda muka yi kwance ƙarƙashin gado, ƙasa a bakina. Tun daga ranar, in ruwa ya fara dukan kwano, kunnena ba ruwa yake ji ba, harbi yake ji. Shekara tara ke nan, ƙatuwar budurwa da ni, da an fara yayyafi sai ƙarƙashin gado.

"Ka faɗa mini yadda ake yi, ko in hau ban sani ba."

"Ki ji ni, zuciyata..."

"Babagana!"

Ya sauke numfashi mai nauyi.

"Akwai sauran kwalta a gwangwani bayan ƙofar ɗakin. Inna ta narka ta. Ki nemo wayar ɗauri, da guduma, da wuƙa. Sai roba mai faɗi, irin ta cikin tayar mota."

"Ina zan samu robar taya yanzu?"

Idona ya sauka kan rijiya. Gugan Inna na rataye, baƙar roba, sabo ful.

"Kul!" in ji Inna. "Jiya na saye shi! Kuma 'ya mace a kan rufi? Me za a ce a unguwa?"

Na ɗauko wuƙa, na dube ta, hawaye na zuba.

Ta yi tsaki. Ta fizge wuƙar daga hannuna, da kanta ta farke gugan. Sannan ta sauke tukunyar miya ta aza gwangwanin kwalta a kan garwashi.

"In kin faɗo, ni zan ƙarasa ki," ta ce.

Na cire takalma, na ƙulle kayan aikin a zane. Na buɗe muryar wayar salula, na soke ta a ƙugu. Inna ta riƙe tsani.

Taki ɗaya... biyu... a na biyar na dubi ƙasa, tsakar gida ta juya.

"Kar ki dubi ƙasa," in ji Babagana, kamar yana ganina. "In kin kai, ki nemi layin ƙusoshi. Nan kawai za ki taka, akwai katako ƙarƙashi. Kika taka tsakiya, kwano zai lotsa da ke."

Na hau da rarrafe. Kwanon ya yi ƙara, ƙwaram! Na kwanta rub da ciki ina salati.

"Ina nan... ina nan tare da ke. Layin ƙusa, masoyiyata. Ɗaya bayan ɗaya."

Iska ta fara kaɗawa. Daga nan sama ina hango rufin Diffa gaba ɗaya, da mata na ta kwashe shanya a guje. Na ja jiki har na rungumi bututun.

Sai na tsaya.

"Babagana... ka ce roba ka sa?"

"Roba mana."

"Siminti ne a nan. An dunƙula shi kewaye da bututun, duk ya tsattsage."

"Siminti?! Ni ban taɓa sa wa kwano siminti ba! Kwano rana ta buga shi ya buɗe, sanyi ya zo ya tsuke. Siminti ba ya binsa, tsagewa yake yi. Fasa shi!"

Na buga guduma. Ya ɓarke gutsi-gutsi. A ƙarƙashi ga guntun tsohuwar roba, an yanke ta da wuƙa, yanka mai kyau, ba cin rana ba.

Murmushin Muhsinu ya faɗo mini a rai. Na ƙulle guntun robar da ɓallin siminti a bakin zanena.

"Yanzu ki huda robarki a tsakiya. Ramin ya fi bututun ƙanƙanta, ki ji ni da kyau, ya fi shi ƙanƙanta! Sai ki cire hular bututun ki zura ta da ƙarfi, ta shaƙe masa wuya."

Na yi. Robar ta ƙi. Na danna da tafin hannu biyu, farcena ya karye, ta shige har ƙasa.

"Ta shiga!"

"Madalla da gimbiyata! Ɗaure wuyan da waya. Amma kafin ki zuba kwalta, wurin ya bushe ƙayau. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen kwano. Ki fara da gefen sama, inda ruwa ke gangarowa, sannan ki..."

Ƙit.

"Babagana? Babagana!"

Rezo ya ɗauke, layin ya yanke.

Sai tsawa ta fashe.

Ban san lokacin da na toshe kunnuwana ba. Na dunƙule jikin bututun, ɗanɗanon ƙasar Tumur ya dawo bakina. Ina jin muryar kakata tana cewa kar ki motsa, kar ki yi tari. Ƙafafuna suka mutu. Na tabbata a nan za a zo a ɗauke ni.

"Safara'u!" Inna ce daga ƙasa. "Ga kwalta! Ja igiyar, don girman Allah, kafin ta daskare!"

Da igiyar gugan ta ɗaure gwangwanin, ta wurgo mini bakin. Dole in saki kunne in kama igiya, hannu biyu gare ni ba huɗu ba.

Na saki.

Na jawo gwangwanin yana hayaƙi. Na shafa kwanon, da danshin yayyafin ɗazu a cikin kwarinsa. Ba tsumma, ba komai. Na tuge ɗankwalina.

"Wayyo ni!" in ji Inna. "Kai a buɗe, a saman gari!"

Na goge kwarin kwanon ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga leɓen robar ta gefen sama na tsiyaya kwalta, na danne da ƙotar guduma har ta bi lanƙwasar kwanon. Kwalta ta ɗiga a yatsana, zafin ya kai har ƙwaƙwalwa, ban tsaya ba. Gefen dama. Gefen hagu. Na bi bakin duka na shafe, na ɗaure wuyan da waya, na mayar da hular bututun.

Tas!

Ɗigon farko a kan kwano.

Tas! Tas! Tatatatas!

Ga shi nan, ƙarar da na fi tsoro a duniya, kuma ina zaune a tsakiyarta. Jikina na karkarwa kamar an jona ni da lantarki. Amma idona na kan robar. Ruwa ya gangaro, ya iso gindin bututu, ya rabu biyu ya wuce.

Ya wuce!

Yadda na sauko, ban sani ba. Na dai san na bi layin ƙusa da baya, ina kuka ina ƙirgawa. Ƙafata na taɓa ƙasa na juyo, sai ga Baba tsaye a bakin zaure, Muhsinu na riƙe masa lema.

Baba ya dubi kaina a buɗe, ya dubi hannuwana baƙi ƙirin. Ya shiga ɗakin tattasai, muka bi shi.

Ruwa na dukan rufi kamar zai tsaga shi, amma a ciki ko ɗis babu. Baba ya miƙa hannu ya shafa buhun sama. Ya dubi tafinsa.

"Ya jiƙe," ya ce.

"Ai na faɗa maka, Baba," in ji Muhsinu. "Aikin banza ne. Ita kuma ta hau ta rufa masa asiri."

Na kwance bakin zanena. Na ajiye ɓallin siminti da guntun roba a kan buhu.

"A gindin bututun na same su, Baba."

Ya ɗauki robar, ya bi yankan da babban yatsa. Ya daɗe yana juya simintin.

"Ranar da yaron nan yake aikin," ya ce a hankali, "ni da bakina na ce ya sa siminti. Ya ƙi. Na yi masa faɗa a gaban leburori, ya ce in yi haƙuri, ba zai sa abin da zai cuce ni ba. Kana wurin, Muhsinu. Wa ya hau rufina?"

"Baba... ni... gani na yi robar kamar ba ta da ƙwari, shi ne na..."

"Da rani ka hau, ka yi shiru. Yau ka ga yana zuba, ka bar shi ka taho kirana."

Muhsinu ya sunkuyar da kai.

Sai wayar da ke ƙuguna ta ɗauki ƙara. Yatsana mai kwalta ya danna, muryar ta fito a fili, ta cika ɗakin.

"Safara'u! Kin sauko?! Ki yi magana! Ki bar shi, kin ji? Tattasan ya jiƙe, Alhaji ya kore ni, na haƙura, wallahi na haƙura da auren! Ki sauko kawai... don Allah ki sauko..."

Kuka yake yi. Namiji guda, a gaban abokan aikinsa.

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Baba ya miƙo hannu, na ba shi wayar.

"Babagana."

Can ƙasa muryarsa ta fito: "Na'am, Alhaji..."

"Ta sauko."

"Alhamdulillahi... Alhamdulillahi..."

"Ɗigo ya taɓa tattasaina. Amma ba ta aikinka ya bi ba, maganata tana nan yadda na faɗe ta." Baba ya yi gyaran murya, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. "Shekara tara 'yata na shiga ƙarƙashin gado in an yi hadari. Ba inda ban kai ta ba, na kasa fito da ita. Yau na shigo gidana na tarar da ita tana saukowa daga sama."

Ya share fuska da hannun riga.

"Ba sai damina ta wuce ba. Juma'a ka turo manyanka."

"Kuma ya taho da sabon guga!" in ji Inna, tana kuka tana dariya.

Na zame na zauna a ƙasa, na jingina da buhun tattasai. Yatsana na zogi, yaji na shiga hancina, ruwa na ta dukan kwano a saman kaina.

Sai can na lura da hannuwana. Suna kan cinyata, ban toshe kunne ba.