Kwabon da Ba Shi da Huji

Ranar kasuwar Yankara, shekara biyu da canjin kuɗi, Alhaji Mani ya shigo caji ofis na Faskari yana jan Ɗanhausa, manomin da ke aron gonarsa. An fasa wa Ɗanhausa leɓe tun a hanya.

"Ɓarawo ne!" in ji Alhaji. "Yau zai bar mani gona!"

Sufeto Gide bai da haƙuri da hayaniya. "Sake shi. Mi ya sata?"

Tsohon kwabo ne, irin mai huji a tsaka, sai dai wannan an manta ba a huda shi ba tun daga inda ake buga kuɗi. Wani Bature mai aikin hanya a Kankara ya ce zai ba da sabon babur a kansa. Alhaji ya aiki Ɗanhausa da kwabon, Bature ya duba ya jefo masa, ya ce jabu ne.

"Abin da aka ba ni shi na kai," in ji Ɗanhausa.

Sufeto ya jefa kwabon bisa siminti. Ƙarar ta fito a dushe. Ya kankare tsakiyar da wuƙa, sai ga dalma fara fat ƙarƙashin baƙin hayaƙi, an cike huji da ita. A gefen cikon kuma akwai 'yar kwarmi mai santsi.

"Alhaji, wannan cin igiya ne. Kwabon da bai taɓa huji ba, ta ina igiya ta ci shi? Wa ke aikin dalma a gidanku?"

Alhaji ya ce, "Ƙanena Audi."

Suka iske Audi a rumfarsa yana liƙin bokiti. Ko tashi bai yi ba.

"Ni ban taɓa ganin kwabon nan ba."

"Gida ɗaya kuke da Alhaji?" in ji Sufeto.

"To sai mi?"

Sufeto ya ɗaga kai. Ga igiya rataye da tsofaffin kwabbai, waɗanda Audi ke sa wa ƙusa in zai toshe bokiti. Ya zaro ɗaya ya aza kusa da jabun. Cin igiyar iri ɗaya sak.

"Ƙarya kake, munafuki! An fasa wa mutum baki saboda kai. Ina na gaskiyar?"

Audi ya yi zufa sharkaf. "Ni na musanya. Babur biyu gare shi, ni ko keke babu! Yana gida cikin gwangwanin kwabbai."

Suka je. Gwangwani wayam. Matar Audi, Suwaibatu, ta leƙo daga bayan zana.

"Ai na zura maka su a igiya tun jiya. Ɗaya ma ba shi da huji, sai da na sa ƙusa da taɓarya."

Ta miƙo igiyar. Sufeto ya ware kwabon: hujin a karkace, bakinsa ya turo waje, rawanin da ke jiki ya lotse.

"Bature zai karɓa a haka?" in ji Alhaji.

"Kuskuren masu bugawa yake saye, ba aikin taɓarya ba. Wannan ko goro ba za a ba ka ba."

Aka danna wa Audi ankwa, wani kurtun ɗan sanda ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Alhaji ya juya ga Ɗanhausa, ya kasa haɗa ido.

"Ka ci gaba da noman gonar."

Ɗanhausa ya tofar da jini. "Riƙe abarka, Alhaji. Ka toshe bokiti da kwabon."