Tsaga ta Bakwai

A sabon cocin da aka kafa a bakin tafki a Nkhotakota, Nachisale ce mai riƙe reza. Tsaga bakwai take yi wa kowane mabiyi a kafaɗa, ɗaya duk Lahadi, don jagoransu ya ce da su ne mai gadin ƙofar sama zai gane nasa.

Ran nan bayan magariba tana tuƙa nsima, tuwon masarar yankin, sai ga wata mata a bakin madafa, ta lulluɓe fuska da zane. Karen gidan ko haushi bai yi ba, ƙarƙashin rumbu ya shige.

"Mama, saura ɗaya," in ji matar, muryarta kamar daga cikin randa. "A cika min."

"Sai Lahadi, baiwar Allah. Ba kya ganin girki nake?"

"Daga ƙofa aka maido ni. Sun ƙirga, shida suka samu."

Matar ta juya baya, ta sauke zanen daga kafaɗa. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika madafar. Nachisale ta matso da fitila tana ƙirgawa da yatsa, fatar sanyi ƙalau. Ta huɗun a karkace take.

Sau ɗaya tak hannunta ya taɓa gocewa haka, a kafaɗar ƙanwarta Tiyamike. Tsaga ta shida ce ta ruɓe mata, tana kuka a kai ta asibiti, Nachisale tana cewa ta daure, zunubi ne ke fita. Yau wata biyu da binne ta.

"Yaya," in ji matar ba tare da ta waiwayo ba, "wannan karon ki tafasa rezar."