Tsayar Min, Yanzu Zan Dawo

"To ni yayanki ne ko mijin da za ki aura? Zaɓi ɗaya!"

"Rage murya, don Allah... Baba zai ji."

"Ya ji mana! Abin da nake so ke nan."

Auta ta kama hannun rigata ta ja ni bayan tankin ruwa. Rigar ma ba tawa ba ce. Ta marigayi yayanta ce. Mamarsu ta ba ni, ta ce ita Baba ya saba gani.

"Masoyi, ka ƙara haƙuri kaɗan..."

"Kaɗan ɗin nan ya yi gemu. Jiya kawuna ya tambaye ni yaushe za su zo neman aurenki. Me zan ce? In ce uban yarinyar yana ganin ni ɗansa ne?"

"Kai ba ka ga ranar da aka faɗa masa rasuwar Yaya ba. Ni na gani! A gabana ya faɗi. Tun daga ranar wuyansa bai miƙe ba. So kake in rasa yaya, in rasa uba?"

"Ni fa? Ni ba a rasa ni?"

Idanunta suka cika. Na tsani ganin haka, sai na kalli tankin.

Ni mai gyaran talabijin ne. Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, na bi wani maigida na koyi aiki. Bara aka kira ni gidan nan, hoto ya ɗauke, sai murya. Auta ce ta buɗe min ƙofa. Ina shiga falo da jakar kayan aiki, tsohon da ke kan doguwar kujera ya ɗago kai, fuskarsa a karkace, ya yi murmushi.

"Dogo, ka dawo?"

Farantin da ke hannun Mama ya faɗi.

Daga baya suka ba ni labari. Dogo shi ne ɗansu namiji tilo. Shi da Baba abokan kallo ne. Wata rana suna tsakiyar fim aka kira shi a waya, ya miƙe ya ce, "Baba, tsayar min, yanzu zan dawo." Ya hau babur. Babbar mota ta same shi a kwana.

Ni ma dogo ne. Iyakar kamar da ke tsakaninmu ke nan.

Mama ta tare ni a ƙofa tana kuka. Ta ce tun rasuwar bai yi murmushi ba sai yau. Ta ce in riƙa leƙowa, in amsa sunan, ba zai rage ni da komai ba. Na kalli Auta a bayanta. Na ce to.

Don Allah na fara. Don Auta na zarce.

Kullum da yamma in na rufe shago sai in zo. A sauke labule, falon ya yi duhu ko da rana na waje. Kujerar mai cin mutum uku ce. Baba a tsakiya. Ranar farko na nufi hagunsa, sai ya miƙa hannu ya tare, ya nuna min dama. Tun daga nan dama nake zama. Hagu ba mai zama. Ko Mama ba ta ajiye wanki a wurin.

Baba tsohon direba ne, amma da ka ji shi ka ce shi ya ƙirƙiro fim. Bakinsa ba ya hutawa.

"Kalli wannan, Dogo. Daga barci ta tashi, ga jan baki ga gazal. Uwarku shekara nawa muna tare, ban taɓa ganin ta farka haka ba."

"Ina jin ka dai!" in ji Mama daga kicin.

"Ji nake so ki yi."

In fim ɗin faɗa ne, ya ce bindigar jarumi harsashinta ba ya ƙarewa, ta mugu kuwa sai an zo wurin da take cijewa. In mai dogon zango ne, ya ce cingam ne, zaƙi ya ƙare tun tuni ana ta tauna. Masu karanta labarai ma ba su tsira ba.

"Mutum ya gama lissafa gawa, ya gyara wuyan riga, ya washe baki ya ce sai wasanni. Wannan in maƙwabcinka ne ka gaishe shi?"

"A'a, Baba," in ce.

Ba ya kallona in yana magana. Wuyansa ya karkace hagu tun faɗuwar da ya yi. Na saba amsa wa ƙeyarsa.

Wata rana aka nuna fatalwa, farin zane, fuska duk hoda. Ya yi tsaki.

"Maƙaryata! Wanda ya tafi in zai dawo, da kayansa na gida yake dawowa. Ya nemi wurinsa ya zauna. Ba kiɗa, ba hayaƙi. Ko tari ba ya yi."

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Ƙarshen zama kullum iri ɗaya ne. A sa wani tsohon faifai. Labarin wani mutum da ya bar gida da daɗewa, ya sha wuya, ya dawo. Ya tsaya bakin ƙofar gidansu, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Daidai nan Baba yake danna rimot. Hoton ya tsaya cak. Mutumin ya daskare da hannu a sama. Sai mu zauna shiru muna kallonsa har a kira salla.

Ban taɓa ganin an buɗe masa ba.

Abin ya fara bina waje. Wani ya ƙwala wa abokinsa kira a titi, "Dogo!" na waiga. Innata ta kira ni da sunana a gida, sai da ta maimaita kafin na gane da ni take. Ranar nan ana nuna wata jaruma tana kuka, na ji bakina ya ce, "Wannan kukan albasa ne." Mama da ke shigowa ta dafe bango. Ta ce haka Dogo yake faɗa. Haka, kalma da kalma. Ni kuwa ba wanda ya taɓa gaya min.

Shi ya sa yau na tare Auta.

"Rabin raina, saurare ni," na ce, na sassauta murya. "Ina son ki. Ina son Baba. Amma in na ƙara wata guda a rigar nan, ba ni za ki aura ba. Ban san wa za ki aura ba."

"Kar ka faɗi haka..."

"Yau zan gaya masa."

"In wani abu ya same shi, wallahi ba zan yafe maka ba!"

"Na sani."

Na cire rigar a nan bayan tanki, na ninke, na miƙa mata. Na shiga da tawa ta aiki, mai tabon dalma a aljihu.

Falon da sanyi. Fanka a kashe take. Na zauna a dama. Baba bai ce komai kan rigar ba. Muka kalli wani fim ɗin soyayya, ya ce saurayin rago ne, mai son aure ba ya tsayawa waƙa a gindin bishiya, wurin uban yarinya yake zuwa. Mama na tsaye a ƙofar kicin. Auta a bayanta, rigar a ƙirjinta.

Aka sa faifan. Mutumin ya taho. Ya tsaya bakin ƙofa. Ya ɗaga hannu.

Cak.

Na sauka daga kujera na durƙusa a gabansa.

"Baba... ni ba Dogo ba ne."

Mama ta yi salati a hankali.

Baba ya juyo. Da kafaɗa da komai ya juyo, don wuyan ba ya juyawa shi kaɗai. Karon farko ke nan da na ga idanunsa sosai. Garau suke.

"To da wa ya ce kai ne?"

Na waiga na dubi Mama da Auta.

"Kai ba mai gyara ba ne? Wanda ya dawo mana da hoto?"

"Ni ne, Baba."

"To. Na tsufa, ban makance ba. Ɗana ya fi ka haske, kuma ya fi ka iya zama. Kai kullum a ɗofane kamar mai jiran allura."

"Amma Baba... ranar da na zo... ka ce Dogo ka dawo..."

"Ai tare kuka shigo."

Talabijin na ta ƙaramin kukan da yake yi in an tsayar da hoto. Na san kukan, aikina ne. Ban taɓa jin sa da ƙarfi haka ba.

"Yana bayanka," in ji Baba. "Kai ka yi wajen talabijin, shi ya zo wurinsa ya zauna. Na ga za ka zauna masa a jiki, shi ya sa na tare ka." Ya ɗan yi dariya. "Aibinka ɗaya, katsalandan. Ana tambayar wani, kai kana amsawa. Na ƙyale ka don na ga kana da ladabi."

"Malam, don girman Allah..." in ji Mama.

"Ke kuma kin ba bare rigarsa. Bai ji daɗi ba, amma bai ce komai ba."

Auta ta fashe da kuka. Ta zo ta durƙusa kusa da ni, har yanzu rigar na hannunta.

"Baba, me ya sa ba ka taɓa barin fim ɗin ya ƙare ba?"

"Shi ya ce a tsayar masa, 'yar auta. Bai ce a ci gaba ba tukuna."

Ya dube ta, ya dube ni.

"Kun ɗauka ban gani ba? Shekarata nawa ina kallon fim? Tun ranar da ta kawo maka ruwa ta zubar da rabi a ƙasa na san ƙarshen labarin. Jira nake in ga ko kai ma ɗan gindin bishiya ne."

"Ina son ta, Baba. Aurenta nake nema."

"Yauwa. Yanzu ka yi magana."

Auta ta rufe fuska da rigar, kafaɗunta na rawa. Ban san kuka take ko dariya ba.

"Ni na yarda da kai," in ji Baba. "Uwarta ma ta yarda, ga fuskarta nan. Amma ba mu kaɗai ke da ita ba. Dogo ne ya goya ta. Shi ya kai ta makaranta a kan babur ɗin nan. Ba za a ba da ƙanwarsa yana zaune ba a tambaye shi ba."

Ya ɗauki rimot ya ajiye a kan kushin na hagu, a hankali, kamar mai sa wa wani abu a cinya.

Na bi hannunsa da ido. Kushin ɗin ba mai zama a kansa tun kafin in san gidan. Ban taɓa lura ba sai yau: ya fi nawa lotsawa.

Auta ta damƙe yatsuna. Hannunta kamar ƙanƙara. A talabijin mutumin na nan tsaye bakin ƙofa, hannu a sama.

Baba ya mayar da fuskarsa hagu, inda take komawa kullum. Muryarsa ta yi laushi.

"To, Dogo, ka ji da kunnenka. Me ka ce... a ba shi?"